Colorado ko Georgia Tech: wa ya ci kambun 1990?

Autan Mama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina bin tarihin ƙwallon Amurka na jami'o'i, sai na ci karo da abin da ya ɗaure min kai. A jerin zakarun ƙasa, shekarar 1990 sunaye biyu aka rubuta, Colorado da Georgia Tech. Wasan ƙarshe suka yi canjaras aka raba musu kofi, ko yaya abin yake? Na kuma ga ba a doke Georgia Tech ko sau ɗaya ba a kakar, ita kuwa Colorado an doke ta. To da me ta kamo ta?

Baban Husna:
Wa alaikumus salam, Auta. Ai ko haɗuwa ba su yi ba. A wancan zamani babu wasan ƙarshe na fidda gwani, ƙuri'a ake kaɗawa, kuma iri biyu ce: ta 'yan jarida ƙarƙashin kamfanin dillancin labarai na AP, da ta masu horarwa ƙarƙashin takwaransa UPI. Galibi bakinsu kan zo ɗaya, a 1990 ne suka raba gari. 'Yan jarida suka ba Colorado ta mai horarwa Bill McCartney, masu horarwa suka ba Georgia Tech ta Bobby Ross da tazarar maki ɗaya tal, 847 da 846.

Abin da ya hana su karawa yarjejeniya ce. Zakaran rukunin Big Eight (Colorado) dole ya tafi wasan rufe kaka na Orange Bowl a Miami, zakaran rukunin ACC (Georgia Tech) kuma ya tafi na Citrus Bowl a Orlando. Rana ɗaya, 1 ga Janairu 1991, jiha ɗaya, amma kowa da abokin karawarsa.

Ni dai ra'ayina bai taɓa sauyawa ba, na Georgia Tech ne kambun. Sun ci 11, canjaras ɗaya da North Carolina, 13 da 13. Sun je har gidan Virginia lokacin tana ta ɗaya a ƙasar, Scott Sisson ya buga ƙwallon da ta ba su 41 da 38 saura daƙiƙa 7. Sannan suka lallasa Nebraska 45 da 21 a Citrus Bowl. Colorado kuwa Illinois ta doke ta 23 da 22, ta yi 31 da 31 da Tennessee, ga kuma wasan Missouri da har gobe yake tsaya min a wuya.

Ka san ƙa'ida, dama huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi goma ko ta tsallake layin ci. Ranar 6 ga Oktoba, Missouri na gaba 31 da 27, lokaci ya kusa ƙarewa, Colorado na bakin layi. Dama ta farko Charles Johnson, mai jefa ƙwallo na Colorado, ya maka ƙwallo da ƙasa don tsayar da agogo. Ta biyu Eric Bieniemy ya kutsa aka tare shi, Colorado ta nemi hutu. A nan mai riƙe da sandar ƙidaya ya bar lamba 2 bai juya ta ba. Ta uku aka sake tare Bieniemy. Johnson ya ɗaga kai ya ga 3 a sanda, ya sake maka ƙwallo da ƙasa, alhali ta huɗu ke nan, ya kamata ƙwallo ta koma hannun Missouri. Alƙalai bakwai a fili, babu wanda ya farga. A ta biyar Johnson ya faɗa kan layi, Colorado ta ci 33 da 31. Daga baya Big Eight ta dakatar da alƙalan, amma sakamako ya zauna daram.

Hajiya Uwani:
Baban Husna, ka faɗi gaskiya amma ka rage saura. Da sandar ta nuna 4, kana jin Johnson zai jefar da ƙwallo ƙasa? Da ya gwada kutsawa, kuma ba wanda ya san yadda za ta kaya. Shi ma kuskuren alƙalan ne ya ja shi. Sannan a duba su wa kowa ya kara da su. Colorado ta doke Texas, Washington da Oklahoma, ta je gidan Nebraska a Lincoln, Nebraska na gaba 12 da nema, ta zura 27 a zangon ƙarshe kaɗai. 'Yan jaridar ba makafi ba ne.

Baban Husna:
Hajiya, na yarda jadawalinsu ya fi tsauri, ban musa ba. Amma tuna yadda Orange Bowl ta ƙare. Colorado 10, Notre Dame 9, saura kamar minti ɗaya, Raghib Ismail na Notre Dame da ake wa laƙabi da Roket ya cafe ƙwallo ya sheƙa yadi 91 har layin ci. Sai ga tutar alƙali a ƙasa, wai an ture ɗan Colorado ta baya, aka soke. Sau biyu ke nan alƙalai na tsamo su.

Hajiya Uwani:
Wannan laifi ne aka gani aka hukunta, kada ka haɗa shi da na Missouri. Kuma ka manta Colorado ta buga rabi na biyu babu babban mai jefa ƙwallonta Darian Hagan, ciwon gwiwa ya fitar da shi, Johnson ne dai ya sake ɗaukar nauyin.

Autan Mama:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To bayan wannan rigima an gyara tsarin?

Hajiya Uwani:
Ba nan take ba, ƙanena. A 1991 ma an sake rabawa, AP ta ba Miami, masu horarwa suka ba Washington. Sai 1998 aka kawo tsarin BCS mai haɗa ta ɗaya da ta biyu a wasan ƙarshe, gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi huɗu kuma sai 2014.