Wace kalma za mu sa a madadin "fom" wajen ɗaga ƙarfe?

Assalamu alaikum. Samarin da ke ɗaga ƙarfe a nan Birnin Kebbi sun ɗauko kalmar "fom" daga bidiyon masu horarwa na Turai da Amurka, kuma duk wanda ya kwana da ciwon baya sai a ce masa fom ɗinsa ne ya lalace. A kunnen Bahaushe kuwa fom takarda ce da ake cikewa wajen neman aiki ko shiga makaranta. Abin da samarin ke nufi shi ne yadda mutum ke sarrafa gaɓoɓinsa tun daga sunkuyawa ya kama sandar ƙarfe mai kilo 20 har ya miƙe da ita ya mayar ƙasa: sandar ta bi ƙwauri kusa-kusa, kwankwaso ya ja baya, a cika ciki da iska a ɗaure shi, gadon baya kuma kada ya yi doro, kada ya gantsare. Da wace kalma za mu kira wannan?

Wani malamin makaranta daga Jega: Malam, ni "siga" nake gani, ko "tsayuwa" kamar yadda ake faɗa wa ɗan dambe. Amma ban goyi bayan "salo" ba, domin salo zaɓi ne, kowa da nasa, wannan kuwa ba a zaɓensa.

Wani mai horar da samari daga Argungu: Tsayuwa ba ta isa ba, Malam, saboda yawancin ɓarnar tana faruwa ne ana cikin motsi, musamman a ɗagawar ƙarshe da mutum ya gaji. Na so in ce "saiti", irin na bakanike, sai dai mun riga mun ba wa zagayen ɗagawa wannan suna, kuma idan na ce wa yaro ya gyara saitinsa zai ɗauka adadi nake nufi. Abin da nake faɗa musu da baki kullum shi ne "riƙe bayanka" da "kada ka saki baya".

Wata ma'aikaciyar jinya daga Yauri: Kafin ku yanke, a raba abu biyu da ake haɗawa. Nauyin da tsoka ke yi bayan aikin da ba ta saba ba, wanda ke tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya lafa da kansa, sunansa tsamin jiki tun kaka da kakanni, kuma yana kama har wanda bai yi kuskuren komai ba. Ciwon da ke sukar mutum nan take, ko ya sauka ta cinya zuwa ƙafa da jin kamar tafiyar kiyashi, wani abu ne daban. Ƙasan baya yana da ƙasusuwa 5, da faifan guringuntsi tsakaninsu, kuma faifai biyu na can ƙasa su suka fi bullutsowa su danne jijiya. Idan ƙafa ta rasa ƙarfi ko fitsari ya ƙi riƙuwa, asibiti za a nufa a ranar, ba wajen mai tausa ba.

Na gode muku duka. Siga ta fi dacewa da abin da ke tsaye wuri ɗaya, don haka na karkata ga maganar mai horarwa, in ɗauki "riƙon jiki". Dalilina shi ne tana zuwa da aikatau nata: a ce riƙonsa ya yi kyau, ko riƙonsa ya sake, kuma ɗan dakon da ke cicciɓar buhun shinkafa a kasuwar Kamba zai gane ta ba sai an yi masa bayani ba. Tsami kuma ya zauna a matsayinsa, kada a riƙa ɗora wa riƙon jiki laifinsa. Wanda ke da ja a kan wannan, muna saurarensa.