IT a gidan rediyo: na gwamnati ko mai zaman kansa?

Ummi_Kurna
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji uku a sashen koyon aikin jarida, nan da sati biyu za mu fita IT, wato koyon aiki a ma'aikata, na wata shida. Gidajen rediyo biyu sun amsa takardata. Na farko na gwamnati ne, hawa ɗaya daga gidanmu, ana tashi bayan la'asar, amma wadda ta yi a can bara ta ce ɗalibai sun yi yawa a ɗakin labarai, kujera ma sai ka yi sammako. Na biyun FM ne mai zaman kansa, hawa biyu, sun ce za su sa ni a shirin mata har in riƙa magana, sai dai wasu ranakun sai tara na dare ake tashi, Baba kuma bai so ba. Ni damuwata, da na tsaya gaban makirfo muryata ke rawa, shi ya sa nake son inda za a tilasta min in yi. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya.

Sadiq Dijital
Wa alaikumus salam. Ki nemi gidan talabijin ko jaridar intanet. Wa ke sauraren rediyo yanzu?

Maman Hanif
Sadiq shiga adaidaita sahu goma da safe ka ƙirga nawa ne ba su kunna rediyo ba. Ba ma wannan ta tambaya ba.

Bintu_Gwale
Ƙanwata zauna ki ji nawa. A FM mai zaman kansa na yi, ni ma da alƙawarin makirfo aka karɓe ni. Wata biyu na farko ba abin da na yi sai sayo wa ma'aikata abinci da kai takarda daga ofis zuwa sutudiyo. Ban damu ba, na ce ladabi ne. A wata na uku na zauna na rubuta tsarin wani shiri kan matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli, masu saƙa, masu dambun nama. Da kuɗin motata na shiga unguwanni na naɗo muryoyinsu a waya, na koyi yanka murya a manhajar Adobe Audition cikin dare, na haɗa kashi huɗu na kai wa furodusa. Ya saurara ya ce madalla, in ba shi lokaci. Sati uku bayan nan ina cikin adaidaita na ji shirina a iska, an canja masa suna, an samo masa mai ɗaukar nauyi, wata ce daban ke gabatarwa. Muryoyin matan nan da na bi gida-gida su ne a ciki. Da na yi magana sai aka ce duk abin da ɗalibi ya yi a gidan na gidan ne, kuma in tuna wa zai sa min hannu a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi a IT. Na yi shiru saboda sa hannun. Abin da ya fi ci min rai, ɗaya daga cikin matan ta kira ni tana murna ta ji kanta a rediyo, tana tambayar me ya sa ba ta ji ni ba. Har yau ina tuhumar kaina kan shirun da na yi, da na sani da tun farko na kai wa shugaban sashen shirye-shirye a rubuce, da sunana da kwanan wata.

Ummi_Kurna
Innalillahi. Anti Bintu Allah Ya saka miki. Kin samu kin yi magana a makirfo kuwa daga baya?

Bintu_Gwale
Sau biyu, karanta saƙonnin masu saurare. Kuma dubu goma na biya kafin su karɓe ni, wai kuɗin katin shaida.

Abba_Fagge
Dubu goma? Mu dubu uku muka biya, a mai zaman kansa ne kuma. Ummi lissafin mota za ki fara yi. Hawa biyu zuwa, biyu dawowa, ki ware dubu biyu kullum.

Maman Hanif
Ƙanina ko sisi bai ba kowa ba. Kuma dubu biyu ta yi yawa Abba, in za ta tsaya a bakin titi a haɗa ta da wasu, dubu da ɗari biyu ta isa.

Abba_Fagge
Da tara na dare Hajiya? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wane ɗan sahu ne zai ɗauke ta a haka? Alawus ɗin SIWES kuma, wato kuɗin da gwamnati ke ba masu IT, dubu biyu da ɗari biyar ne a wata, dubu sha biyar ke nan a wata shida, ba ya kai kuɗin motar sati biyu.

Ɗan Zazzau
Ku Kanawa komai sai kun mayar da shi ciniki. Yarinya ta ce muryarta na rawa, kun kafa mata Kantin Kwari a nan. Ummi taho Zariya, mu ilimi muke bayarwa, ba ragi ba ƙari.

Abba_Fagge
Bazazzagi, biya kuɗin motar tukun.

Malam Tsohon Ma'aikaci
'Yata Ummi, shekara talatin na yi a gidan rediyon gwamnati kafin in yi ritaya. Lokacin da na fara babu gida mai zaman kansa ko ɗaya a ƙasar nan, sai bayan dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka ba su dama. Rawar murya ba ta warkewa da yawan surutu a iska. Abin da ke kashe ta shi ne ki san abin da ke kan takardarki. Mu sai da muka yi watanni muna fassara labari daga Turanci, edita na jan jan biro a kai, muna karantawa da ƙarfi a gabansa, kafin a bar mu mu kusanci sutudiyo. Ki je ɗakin labarai, ki riga kowa zuwa, ki roƙi a ba ki labari ɗaya kullum ki fassara. A cikin ɗalibai masu yawa, mai neman aiki da kanta ita edita ke riƙewa. Kuma kada ki fara sana'a da saɓa wa mahaifinki.

Sadiq Dijital
Baba da girmanka, zamaninku na faifai da kaset ne. Yanzu wanda bai iya haɗa sauti a kwamfuta da watsa shiri kai tsaye a Facebook ba, ba mai ɗaukarsa aiki.

Bintu_Gwale
Sadiq kai a wane gidan ka yi IT? Na ga a bayananka kimiyyar kwamfuta ka karanta.

Sadiq Dijital
Sai na yi kafin in yi magana? Ke ma gida ɗaya kika sani, kin shafa wa duka baƙin jini.

Nura_Poly
Ni wata huɗu na yi bayan ND1, wato shekarar farko ta difloma, a na gwamnati. Ban taɓa makirfo ba, amma can na gane ni ba mai gabatarwa ba ne, hannuna a tace sauti yake, yau da shi nake cin abinci. Maganar Malam ta fassara gaskiya ce. Ranar farko na rubuta "helikwafta", edita ya soke ya sa "jirgi mai saukar ungulu".

Malam Tsohon Ma'aikaci
Yawwa Nura. Ka kunna wasu tashoshin yanzu ka ji, jimla ɗaya rabinta Turanci. A ce "gwamna ya yi flagging off", alhali "ƙaddamar" na nan. Tsohuwa a ƙauye da ta kunna don ta ji farashin taki me za ta ɗauka?

Maman Hanif
Wallahi Malam. Ga ihu, ga masu maganin gargajiya da ake sayar wa fili suna faɗin abin da ba ya faɗuwa yara na zaune. Kullum sai na yi tsalle na rage murya.

Abba_Fagge
To Hajiya da me za su sayi gas na janareta? Wasu ma'aikatan ma ba albashin kirki, ce musu ake su nemo talla su ci kamasho.

Ummi_Kurna
Na gode duka. Malam, in na je na gwamnatin, ana barin ɗalibi ya bi 'yan rahoto fita jin ra'ayin jama'a? Litinin zan mayar da takardar.

Maman Hanif
Abba gas ba hujja ba ne. Jiya da magariba ina tuƙa tuwo, da hannu duk gari na ruga na kashe rediyon.