Neman kalma: me za mu kira "drill" a horon ƙwallon ƙafa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara jagorar masu horar da yara 'yan ƙasa da shekara 12, ranar Alhamis zan miƙa, amma "drill" ta tsaya mini a wuya. Na fara sa "horo", sai na ga horo shi ne zaman gaba ɗaya, ita kuwa yanki guda ce a cikinsa: yara shida, fili mita goma-goma, kowa ya taɓa ƙwallo sau biyu kawai, minti takwas. Kuma dole kalmar ta ƙirgu, don ana cewa a yi guda uku kafin a raba wasa.

Koci: Wa alaikumus salam. Atisaye. Atisayen fasin, atisayen yanka, atisayen bugun raga. Kowane yaro zai gane.

Ɗan Jarida: Atisaye muke cewa idan ƙungiya ta fita fili kafin wasa, wato zaman duka. Kin koma matsalar horo ke nan. "Bita" fa?

Malamin Hausa: Bita ta tarurruka ce. Atisaye kuwa daga bakin soja muka same shi, ɗan'uwan fareti ne. Muna da tamu: tishi. Ka tisa abu har ya zauna. Tishin fasin, tishin tarba. Jam'i tishe-tishe. Me ya rage?

Koci: Malam, tishi ya dace da rabin aikin kawai. Irin tsarin Wiel Coerver, kocin nan ɗan Holan da ya jagoranci ƙungiyar Feyenoord ta ci kofin UEFA a 1974, inda yaro ke juya ƙwallo da gefen ƙafa na ciki da na waje yana maimaitawa har ƙafar ta haddace, wannan tishi ne, na yarda. Amma ɗauki rondo, wanda koci Johan Cruyff ya ɗaukaka a Barcelona bayan ya karɓi ƙungiyar a 1988. Huɗu a zobe, biyu a tsakiya suna farautar ƙwallo, wanda ya zubar ya shiga tsakiya. Babu fasin biyu da suke zuwa iri ɗaya. Yaro yana koyon ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, da buɗe jiki, da sanin lokacin da zai tsaga tsakanin mutum biyun. Idan koci ya karanta "tishi" zai jera yara layi suna jiran juyi, kuma wannan layin shi ne abin da muke yaƙi da shi. Yaron da ke tsaye ba ya koyon komai.

Malamin Hausa: Kalma ba ta jera yara layi, koci ne ke jera su. Ku dai kuna jin kunyar abinku ne. Da Bature ne ya ce "tishi" da kun rubuta shi a riga.

Ɗan Jarida: Haba Malam, wannan ba adalci ba ne. Mu muka tsaya kan "bugun daga kai sai mai tsaron gida" da "satar gida" har suka zauna.

Tsohon Gola: Suka zauna a rediyo. A fili fenariti ake cewa, tirenin ake cewa. Ku rubuta wa masu fili.

Malamin Hausa: To a rufe ƙamus ke nan, mu bi bakin yara?

Tsohon Gola: Ban ce ba, ranka ya daɗe. Cewa na yi littafin nan a bakin fili za a karanta shi.

Mai Fassara: Don Allah mu dawo. Ga inda na karkata: horo ga zaman duka, atisaye ga kowane yanki, a ƙirga "atisaye na ɗaya, na biyu". A babin juya ƙwallo na Coerver zan sa "atisayen tishi". Rondo fa, in ce "'yar zobe"?

Koci: Bar shi rondo, ki bayyana shi sau ɗaya. Idan suka nema a YouTube da wannan sunan za su samu.

Ɗan Jarida: Har yanzu atisaye zai rikita wanda ya saba da labaran wasanni. Ki fayyace a shafin farko.

Malamin Hausa: An mayar da tishi ɗan rakiya. Ki dai tabbata ya shiga jerin kalmomin ƙarshen littafin, da jam'insa.

Mai Fassara: Zai shiga, Malam. Saura robobin nan masu tsini da ake jerawa a fili, wa ke da suna?