Fitilar sola ce ta hana allurar naƙuda aiki a jikin akuyata?

Uwargida daga Domayo, Marwa: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min. Awaki huɗu gare ni, gadon mahaifiyata ne, Allah Ya jiƙanta, da su nake biya wa yara kuɗin makaranta tun da maigida ya kwanta ciwo. Bara ɓarayi suka haura katanga suka ɗauke bunsuru, shi ya sa na rataya fitilar sola a rumfarsu, tana ci har asuba. Makon jiya jar akuyar ta fara naƙuda bayan isha'i. Wani yaro mai allurar dabbobi ya yi mata oksitosin, wato allurar naƙuda, sau biyu, ta yi ta nishi, ba abin da ya fito. Da asuba ta mutu. Ƙanina mai karatu a Ngaundere ya ce haske na hana jiki fitar da wani sinadari mai suna melatonin, kuma shi ke taimakon mahaifa. Baƙar akuyata ma cikinta ya kusa cika wata biyar. In kashe fitilar ne?

Baba, tsohon ma'aikacin dabbobi, Garwa: Allah Ya mayar da alheri, 'yata. Ƙaninki bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya ba ki. Melatonin wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke fitar da shi idan duhu ya yi, daga ƙwaƙwalwar shanu ma aka fara tace shi a Amurka a 1958. Mahaifa tsoka ce mai aiki da kanta, irin ta hanji da jijiyar jini. A mahaifar mace an ga yana ƙara wa oksitosin ƙarfi, a ɓera kuwa sassauta matsewar yake yi. Kowace dabba da nata. Goɗiya da dare take haihuwa, awakin da na sani yawanci da rana. Tambayata ɗaya: yaron ya wanke hannu ya taɓa bakin mahaifa kafin ya tsira allura?

Uwargida: Baba, ban lura ba, ina riƙe da kanta. Amma yaron nan shi ke duba dabbobin unguwarmu duka, ba a taɓa kuka da shi ba.

Wani daga Kuseri: Ni duk ba wannan ba. Maganin da ake shanyawa a rana a kasuwa, me ya rage a cikinsa? Oksitosin sanyi yake so. Tumaki biyu na rasa a kan jabun magani, mai shagon ko haƙuri bai ba ni ba.

Baba: Ku saurare ni. In bakin mahaifa a rufe yake, ko ɗan ya zo a gicciye, allurar nan fasa mahaifa take yi, da fitila ko babu. Shekara talatin ina wannan aiki.

Wata maƙwabciya: Yaya, kashe ta kawai. Iyayenmu a duhu dabbobinsu suka haihu. Ki ƙara mata harawa da ɗan kanwa.

Baba: Juya fitilar ta kalli ƙofa, sannan ki nemi lambar likita tun yau.

Uwargida: Likita da dare kuɗin mashin ɗinsa kaɗai ya fi ƙarfina. In na juya ta kuma, bayan rumfar ne ke duhu, ta nan suka shigo bara. Yau da safe na ga hantsar baƙar ta ciko.