Gwajin Stroop da masu jin Hausa: ina ake samun tangarɗa?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Ɗalibai da yawa na ɗaukar gwajin Stroop a aikinsu na kammala digiri, wato a rubuta "ja" da koren tawada, a ce mutum ya faɗi launin tawadar, kada ya karanta kalmar. Waɗanda suka saba gudanar da shi, a taimaka mana da wuraren da aikin ke lalacewa.

Malama Uwar Ɗalibai: Wa'alaikumus salam. Tun a tsarin jeri ake yin kuskure. In launi huɗu ne, haɗin da kalma da tawada suka saɓa 12 ne, wanda suka dace kuwa 4 kacal. Sai a maimaita kowane mai dacewa sau uku, zagaye ɗaya ya zama 24, rabi da rabi. In masu dacewa suka yi yawa, mutum kan saki jiki ya dogara da karatu, tazarar lokacin amsa tsakanin masu saɓani da masu dacewa ta kumbura. A yi zagayen gwaji ɗaya da ba a lissafawa, sannan huɗu ko biyar na gaske. A kuma hana kalmar da aka yi watsi da ita yanzu ta zama launin da za a faɗa nan gaba, domin wannan kaɗai yana jawo jinkiri.

Bakatsine: Malama ta yi gaskiya. Ƙari a kai, gwajin ya ginu ne kan karatun da ya zame wa mutum jiki. Wanda ke haɗa baƙi da ƙyar a boko kalmar ba za ta fizge shi ba, sai a ɗauka hankalinsa ne ya fi na kowa natsuwa, alhali a ajami ne idonsa ya goge. A auna saurin karatun kowa tukuna. A kuma tambayi sunan da yake kiran launin: wani kore, wani tsanwa. Ga "ja" gaɓa ɗaya, "rawaya" uku, don haka in da baki ake amsawa, farkon furuci ake kamawa.

Injiniya: Ɓangaren na'ura: PsychoPy, manhajar da ake tsara irin wannan gwaji a kwamfuta, kyauta ce, amma allo mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana canza hoto ne duk milisakan 16.7 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), to da wannan ma'aunin za a tsara tsawon nunawa. A duba ɗ ta "shuɗi" da ƙ ta "baƙi". Wani salon rubutun ba shi da su, sai ya aro daga wani, harafin ya fito daban ya ja ido. A kashe tsarin tsimin batir, don in aka ɗauke wuta hasken allo yakan ragu a tsakiyar gwaji.

Malama Uwar Ɗalibai: Wajen lissafi kuma, amsar da ke daidai kawai ake ɗaukar lokacinta. Abin da ya gaza milisakan 200 a zubar, yatsa ne ya riga ido. Amma a kawo yawan kuskure a rahoto, don wani da kuskure yake sayen saurinsa. Kafin duk wannan a yi gwajin Ishihara a ware masu matsalar bambance ja da kore.

Ɗan Zazzau: In babu kwamfuta fa, Malama?

Malama Uwar Ɗalibai: Shi kansa Stroop, masanin da aka sa wa gwajin sunansa, a 1935 da takarda ya yi: abu 100 a shafi, ana auna lokacin shafin duka. Faɗin launin kalmomi masu saɓani ya fi na murabba'ai masu launi daɗewa da kashi 74 cikin ɗari. Sharaɗi dai rabin mutanen su fara da wannan shafi, rabi da wancan, in ba haka ba gajiya da sabo za su cakuɗe da sakamakon.