Tsohuwar kyanwata ba ta iya tsalle, leza ko allurar Sin?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Kyanwata ta shekara 13, yanzu ko kujera ba ta iya hawa, sai ta tsaya tana kallona tana kuka. Likitan dabbobi a nan Manchester ya ce ciwon gaɓɓai ne, ya ba ta maganin rage ciwo mai suna meloxicam, ya kuma kawo zancen hasken leza da allurar Sin, wato soka siraran allurai a jiki don rage ciwo (acupuncture). Don Allah akwai wanda ya gwada?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Karena an yi masa leza a kwatangwalo. Ba zafi, ana sa masa tabarau saboda ido, 'yan mintoci an gama. Ya samu sauƙin tashi da safe, amma maganin bai daina sha ba. Ba a haska wurin da akwai ƙari, ki tabbatar an duba ta.

Inna Rabi: 'Yata, allurorin siriri ne, kyanwa da yawa kwanciya suke yi. A Ingila doka ta ce likitan dabbobi, ko ma'aikacin jinyar dabbobi mai rajista bisa umarninsa, kaɗai ke yi wa dabba wannan allura. Ki rage mata ƙiba in tana da ita, ki sa mata matakala gaban kujera. Kada ki taɓa ba ta paracetamol, kashe kyanwa yake yi.

Maman Hanifa: Na gode, Allah ya saka. Zan fara da lezar.