Kawuna yana son in rage ribar da za mu bayyana wa masu haraji, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan lamarin da ya hana ni sukuni, kuma ina roƙon a ɓoye sunana. Mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare, ƙanin mahaifiyata ne ya ɗauke ni, ya haɗa ni da 'ya'yansa ba tare da bambanci ba, ya biya mini makaranta har na kammala karatun akanta, kuma shi ya yi mini lefe, ya ba ni gidan da nake ciki yanzu. Babban ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana sayar da atamfa da shadda dila-dila, ni nake riƙe da littafin cinikinsa. Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji, wadda Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, hankalinsa ya tashi, domin an gaya masa cewa gwamnati za ta ɗauki kashi 25 cikin ɗari na duk abin da ya samu. Yanzu ya umarce ni in buɗe littafi na biyu wanda zai nuna ribar da ba ta kai kwatan ta gaskiya ba. Hujjarsa ita ce yana fitar da zakka kowace shekara, yana ciyar da marayu, kuma kuɗin gwamnati sace su ake yi. Ni kuwa a raina na yarda cewa mai hali ya kamata ya fi talaka biya. Yaya zan yi?

Tsohon Ma'aikaci: Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko ka gyara wa kawunka lissafi, domin wanda ya ba shi labarin bai karanta dokar ba. Naira dubu 800 na farko a shekara ba a taɓa su, daga nan ake hawa mataki-mataki, kashi 15, 18, 21, 23, sai abin da ya haura naira miliyan 50 ne kawai ake ɗaukar kashi 25 a kansa. Wanda ribarsa ta tsaya a miliyan 50 cif, abin da zai biya miliyan 10 ne da dubu 430, kuma riba ake nufi bayan an cire kuɗin haya da dako da albashin yaran shago, ba jari ba. A tsohuwar doka ma matakin ƙarshe kashi 24 ne, saboda haka abin da aka ƙara wa masu kuɗi a saman ɗan kaɗan ne, kuma a ganina ya yi kaɗan ƙwarai. Kada ka rubuta littafin nan.

Baban Ummi: Baba, da girmamawa, kai albashi ka ci, ba ka taɓa zaman kasuwa ba. Ni ƙaramin shago gare ni, amma a wata guda mutum uku ko huɗu za su zo da rasit daban-daban, wannan na shara, wannan na allon talla, wannan na ƙaramar hukuma, kuma kwatar da ke gaban shagona da kuɗinmu muke yashe ta duk damina. Janareta nawa, ruwa saye nake yi, mai gadi mu muke biya. Idan Alhaji ya ce ba zai ƙara musu ba, ni ban ga laifinsa ba. Ɗan'uwa, ka yi abin da ya ce, ka rufa wa kanka asiri.

Maman Khalid: Ni malamar makaranta ce, kuma tun kafin albashina ya shigo hannuna an riga an yanke haraji, ba wanda ya taɓa tambayata ko na gamsu da yadda ake kashe shi. Bara na kwana biyu a barandar asibiti da yaro yana zazzaɓi saboda babu gado, har safar hannu sai da na saya a waje. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota kawai yake cinye kusan sulusin abin da nake samu. Idan mai dila-dila ya ɓoye nasa, a kanmu giɓin yake faɗowa.

Mai tambaya: Na gode, amma ina son a fahimta cewa kawuna ba azzalumi ba ne. A azumin da ya wuce da hannuna na rubuta sunayen gidajen da aka kai wa shinkafa da sukari, kuma akwai ɗalibai da yawa da yake biya wa jami'a ba tare da kowa ya sani ba. Batun ƙin rubutawa kuma ba shi da sauƙi kamar yadda Baba ya faɗa, domin ban taɓa ce masa a'a ba.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗana, ban kira shi azzalumi ba. Amma kyauta mutum ne yake zaɓar wanda zai ba da lokacin da zai ba, buhun shinkafa kuma ba ya gina titi ko biyan ungozoma. Mu da muka ga zamanin da dagaci yake bin talaka gida-gida don haraji, ana ƙirga wa Bafulatani shanu don jangali, mun san abin da Malam Aminu Kano ya yi yaƙi a kai, har Abubakar Rimi ya soke su a Kano bayan ya hau mulki a 1979. Ba a soke su don attajiri ya huta ba, an soke su ne domin nauyin ya sauka daga wuyan wanda ba shi da shi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, mafi yawansu a Arewa. Harajin kayayyaki na kashi 7.5 kuwa, mai tura baro da kawunka daidai suke biya idan sun sayi katin waya. Baban Ummi, kukanka gaskiya ne, amma maganinsa a rage yawan masu rasit, ba a bar manya su sulale ba.

Malam Na Zaure: Zakka haƙƙin Allah ce, kashi biyu da rabi cikin ɗari na dukiyar da ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo mata, kuma Alƙur'ani ya ambaci rukuni takwas na mutanen da ake ba wa. Malamai sun yi saɓani a kan halin da hukuma za ta iya ɗora wani abu bayan zakka, sai dai ban san wanda ya halatta rubuta ƙarya ba. Duk da haka zumunci ba abin wasa ba ne. Ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, kada ka tunkare shi kai tsaye.

Baban Ummi: Malam, idan ya kai maganar wurin wani dattijo ai ya tona asirin mutumin da ya rene shi. Wannan ya fi littafin muni.

Tsohon Ma'aikaci: Akwai abin da har yanzu ba ka gaya mana ba. Kasuwancin kamfani ne mai rajista ko da sunansa kawai yake yi, kuma sa hannun wa zai hau takardar? Idan naka ne, ranar da aka zo bincike kai za a fara tambaya. Ka kai shi wurin ƙwararren mai ba da shawara kan haraji, ya nuna masa abubuwan da doka ta yarda a cire.

Mai tambaya: Baba, ba zai yarda baƙo ya ga littafinsa ba, shi ya sa ya ɗora ni a kai tun farko. Maganar dattijo ma na duba, amma wanda yake jin maganarsa abokin cinikinsa ne, kuma ina zargin shi ya kawo shawarar littafi na biyun. Barin aikin ba zai yiwu ba, matata tana da juna biyu kuma gidan nasa ne. Ya ce in kawo masa littafin ranar Asabar bayan la'asar. Akwai wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin ɗan'uwansa ya shiga irin wannan hali?